Asali

Akwai kalmomin da mutum ke faɗa sau goma a yini, bai taɓa tsayawa ya dube su ido da ido ba. Kalmar asali tana cikinsu. Mai zuma a kasuwar Azare zai ɗaga kwalba sama, rana ta ratsa ta, ya rantse maka asalin zuma ce, ko ɗigon sukari babu. Wanda aka tsare da tambaya, yana neman mafita, sai ya ce asali ma bai san mutumin ba. Mai ba da labari in ya ga an karkace, sai ya ce a tsaya, ga asalin maganar. A waɗannan wurare kalmar ba ta da nauyi, tana wucewa daga baki zuwa baki kamar goron biki. Amma bari dattawa su zauna a zaure kan maganar aure, a kori yara, a sassauta murya, wani ya ce, "To, an dai bincika asalinsa?" Nan take sai ta yi nauyin dutsen niƙa. Na ga auren da ta ɗaura, na kuma ga wanda ta warware tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba.

Daga Larabci muka aro ta, inda take nufin gindin itace, wurin da abu ya kafu. Ba don mun rasa tamu ba. Muna da tushe, muna da saiwa, muna da jijiya, muna cewa tushiya masomin dawa. Amma aikin da ya fi kowanne nauyi, wato auna ɗan Adam, baƙuwar muka danƙa wa. Ta zo mana a bakin malamai da fatake, ta bi hanyar da takarda da alƙalami suka bi, ta zauna har aka manta ranar saukarta. Kalmar da muke tantance ɗan gida da ita, ita kanta hamada ta ƙetaro.

Abin da ya sa take bina kwanakin nan wani tsohon littafi ne da na ciro daga ƙasan akwati, bangonsa ya tafi, gara ta ɗanɗani gefensa: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da na buɗe shi sai na tsinci kaina a aji, a firamare nan Hardawa, cikin shekarun 1970. Malaminmu na Hausa yakan karanta mana shi a hankali, yana tsayawa daidai inda ranmu ya fi so ya ci gaba. Ranar da aka kai ƙarshe ajin ya yi tsit. Can sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu.

"Malam, wai da gaske an yi Shaihu Umar?"

Malam ya rufe littafin, ya ce, "Ƙagaggen labari ne. Zauna."

Yaron ya zauna, amma tambayar ba ta zauna ba. Ga shi yau, da furfura a kaina, ina juya ta.

Ba wanda ya taɓa tambayar kakarsa ko an yi Gizo da Ƙoƙi. Tatsuniya tana shigowa da sallamarta, ga ta nan ga ta nanku, tana fita da ƙurunƙus, har mai yin ta ya amsa da bakinsa cewa ba don Gizo ba da ƙarya ya shara. Yaro ya san iyakarta, ya kwanta ya yi barci. Wannan littafin kuwa bai ba mu wannan sauƙin ba. A cikinsa akwai Kano, akwai Maƙarfi, akwai Fatika, akwai Rauta ta ƙasar Bauchi, garuruwan da mota ke zuwa. Akwai Rabeh, wanda tsofaffinmu ke ambaton sunansa ba da wasa ba. Yaya za a ce wa yaro garin gaskiya ne, yaƙin gaskiya ne, amma mutumin da ya ratsa su ƙagagge ne?

Ita ma kalmar ƙaga abin dubawa ce. Muna cewa an ƙaga masa magana, wato an yi masa ƙage, an ɗora masa abin da bai yi ba. Muna kuma cewa wane ne ya ƙago wannan dabara, wato shi ya fara fito da ita. Yabo da zargi a jiki ɗaya. Ni dai na fi son in kwatanta marubuci da maƙeri. Maƙeri shi ke ƙera fartanya, ba mai ja da shi, amma ba shi ya halicci ƙarfe ba. Wani ya haƙo tama, wani ya narka ta, sannan ta iso maƙera. In ka tambayi asalin fartanya, maƙeri rabin amsa ne. Sauran rabin yana cikin ramin da aka haƙo tamar.

Abin sha'awa, littafin kansa da wannan tambaya ya buɗe. Shaihu Umar babban malami ne a Rauta, ɗalibai na zuwa masa daga nesa. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya nemi sanin daga ina malam ya fito, don ya lura ba irin mutanen wurin ba ne. Amsar wannan tambaya ita ce littafin duka. Umar ɗan Kagara ne, maraya tun yana jariri. Uwarsa ta auri Makau, na hannun daman sarki, fadawa suka yi masa hassada da ƙage har aka kore shi daga gari. Cikin wannan watsewar gida aka sace yaron. Ya bi hannu-hannu har Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi, ya ƙetare hamada da shi zuwa ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Uwar kuwa ta fita nemansa, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta ƙare a Murzuƙ cikin bauta da wahala. Sun haɗu a ƙarshe, amma ba ta daɗe ba ta cika. Shi kuma ya nufo gida, guguwar rairayi ta cinye ayarinsu, ya tsira da ƙyar, ya tarar ƙasa ta yamutse da yaƙin Rabeh, ya gangaro har Rauta ya zauna.

Tambayar ɗalibin nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mu mutanen Guddiri mun san yadda harshe ke tona mutum. Ka buɗe baki a Kano ka yi jimla biyu, sai a ce maka, "Daga wajen Azare kake ko?" Mun kuma san cewa asali a ƙasarmu igiya ce mai tufka da yawa. Akwai Fulani, akwai Barebari, akwai Karekare da Badawa da Ngizim. Akwai Shirawa da Teshenawa da Auyokawa, waɗanda harsunansu suka mutu, jikokinsu suka wayi gari Hausawa. Wanda ya ce a nan zai warware igiyar nan ya fitar da zare ɗaya tsantsa, aiki ya same shi.

To, daga wane rami aka haƙo Umar?

An san yadda littafin ya samu. A 1933 Rupert East na hukumar fassara da talifi ta Zariya ya zagaya yana neman 'yan boko da malamai su rubuta labarai na ƙashin kansu da Hausar boko, don a sami abin karantawa a makarantu. Daga nan aka sami littattafai biyar da kowane ɗalibin Hausa ya haddace sunayensu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa, sai Shaihu Umar. Lokacin Abubakar Tafawa Ɓalewa bai wuce shekara ashirin da biyu ba, sabon malami ne a Midil ta Bauchi, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba.

Wasu taurarin littattafanmu na farko ba a shan wahalar gano inda aka samo su, don a cikin wasu littattafan suke. Imam da kansa bai ɓoye ba cewa ya sha daga Muƙamatul Hariri wajen tsara gasar wayo tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Akun Magana Jari Ce yana da dangi a labaran Indiya da Farisa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda muka ɗauka Bahaushe ne gaba da baya, kakansa wani sadaukin Rasha ne mai suna Iliya Muromets. Ganɗoki kuwa daga idon yaro ya fito: Bello Kagara yana ɗan shekara goma sha ɗaya Turawa suka ci Kwantagora a 1901, ya ga faɗuwar Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Umar ya fi kusa da Ganɗoki ta wannan fuska. Ba a shafin wani littafi za a same shi ba, sai a cikin mutane.

Mutum na farko da nake tunawa shi ne Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi a hari, aka raba shi da danginsa, ya bi hannu-hannu har Kukawa. A can wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi a 1852, yaron ya koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth. Ya bi shi har Tumbutu, ya dawo, sannan a 1855 suka ƙetare hamada ta Murzuƙ zuwa Tarabulus, daga nan sai Ingila. A can ya zauna da wani mai nazarin Hausa, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da bakinsa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Yaro Bahaushe, sata, kasuwa, baƙo farar fata da ya riƙe shi, Murzuƙ, karatu a wata ƙasa, sannan komowa gida da harshen da ya ɗan sauya.

Ga kuma wani abu da ya sa na ajiye littafi na yi shiru ranar da na fara lura da shi. Barth bai yi yawo a ƙasashenmu da sunan Barth ba. Sunan da ya ɗauka, wanda Kanawa da Barebari suka san shi da shi, wanda Dorugu ke kiransa da shi, shi ne Abdulkarim.

Sunan ba baƙo ba ne, kowace unguwa akwai mai shi, saboda haka ba zan ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma akwai wani zaren kuma. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Nasarawa ta Kano, a makarantar Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, wadda aka buɗe a 1909. Shi Ɗan Hausa ma ya ƙetaro hamada a 1906 daga Tarabulus zuwa Borno, cikin ayarin da ke ɗauke da 'yantattun bayi masu neman komawa garuruwansu. A wannan makaranta ta Nasarawa Bello Kagara ya yi karatu, daga baya ya zama malami a Kwalejin Katsina, inda Abubakar na Bauchi ya zauna daga 1928 zuwa 1933 tare da ƙanen Bellon, Abubakar Imam. Garin da aka ba Umar ya zama mahaifarsa kuwa, Kagara, sunan garin malamin ne da abokin karatun. Dorugu ya rasu a 1912, shekarar da aka haifi marubucin Shaihu Umar. Zare ne siriri, amma ina jin daɗin riƙe shi.

Duk da haka ba zan ce Dorugu ne Umar ba. Hanyarsu ta rabu a bakin teku. Ɗaya ya nufi Landan ya zauna cikin masu mishan, ɗaya ya nufi gabas ya zauna gaban shaihi. Marubuta ma ba safai suke ɗaukar mutum guda sukutum su sa a takarda ba. A shekarun da ake buga littattafanmu biyar, wata mata a Amurka, Laura Ingalls Wilder, tana rubuta wa yara labaran ƙuruciyarta a cikin iyalan da suka yi ƙaura zuwa yammacin ƙasar suna kafa gonaki. Akwai wata yarinya mai girman kai a labaran, Nellie Oleson, wadda masu karatu suka daɗe suna neman ko wace ce. Da aka bincika sai aka tarar 'yan mata uku ne da marubuciyar ta sani a garuruwa dabam-dabam, ta tufke su suka zama ɗaya. In yarinya guda ta ci mutum uku, yaron da aka sace aka kai bayan hamada mutum nawa zai ci?

Nan ne tambayar ta dawo mini gida, domin hanyar da ta haɗa Kano da Borno ta ƙasarmu ta bi. Malam Zaki ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, tun kafin a mayar da hedikwata Azare a 1916. A watan Janairu na 1824 Hugh Clapperton ya sauka a Katagum yana kan hanyarsa ta zuwa Kano, abokin tafiyarsa Walter Oudney ya rasu a Murmur, nan kusa. Su ne suka rubuta abin da suka gani a hanyar Murzuƙ zuwa Borno: ƙasusuwan mutane birjik a bakin rijiyoyi, na bayin da ƙishi da yunwa suka kayar kafin su kai kasuwa. Bayan su an yi zamanin Buhari na Haɗeja, wanda hare-harensa suka hana ƙasar Katagum barci. An yi na Ningawa. Rauta ma, inda marubucin ya zaunar da shaihinsa, ba gari ne da tarihi ya tsallake ba. Nan Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu ya tare don fuskantar Ningi, nan kuma rikicin gadon sarauta ya ɓarke wajen 1881, har Sarkin Misau Sale ya kawo runduna, aka kashe na kashewa, aka kama na kamawa. Sai Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, mutanen Borno suka yo yamma da abin da suka iya ɗauka. Wanda aka haifa a ƙasar Bauchi a 1912 bai buƙaci ya buɗe littafin Bature kafin ya ji labarin yaron da aka sace ba. Waɗanda abin ya faru a kansu suna raye, suna zuwa kasuwa, suna sallah a sahu ɗaya da waɗanda suka kama su.

Hausa ta adana wannan tarihi a wurin da ba a zata ba. Dubi kalmar ɗa. Tana nufin wanda aka haifa, tana kuma nufin wanda ba bawa ba. Daga jikinta 'yanci ya fito, wanda mutanen yamma ke cewa ɗiyauci. 'Yanta mutum shi ne mayar da shi ɗa. Wato a tunanin kakanninmu, zama mai 'yanci shi ne ka zama ɗan wani, a san ubanka, a san ɗakinku, a sami wanda zai tashi in an taɓa ka. Shi ya sa aka ce ɗa na kowa ne, bawa sai mai shi. Bauta ba ta tsaya ga aikin gandu da biyan murgu ba. Babban abin da take yi wa mutum shi ne ta yanke shi daga gindinsa, ta sauya masa suna, ta bar shi ba mai zuwa fansarsa. Jikokinsa ma ba su tsira ba, aka yi musu suna, cucanawa, aka kuma tanadi karin magana na rufe musu baki, wai tsintacciyar mage ba ta mage. Idan dattijo ya ce a zaure wane ba shi da asali, ba yana nufin daga sama ya faɗo ba. Sau da yawa yana nufin an taɓa sayen kakarsa.

Shi kansa marubucin ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, yana cikin masu yi wa sarakunan ƙasar Bauchi hidima, kuma karatu ne ya ɗaga ɗan har ya zauna inda 'ya'yan sarakuna ke zama. Shi ne ya tashi a majalisa a Kaduna a 1950 ya nemi a gyara tsarin En'e, a ba talaka bakin magana. Shi ne kuma, yana Firayim Minista, ranar 1 ga Oktoba 1960 ya karɓi takardun 'yancin kan Nijeriya a Legas. Ina ganin saurayin da ya zauna a Bauchi yana rubuta labarin maraya wanda ilimi ya mayar da shi abin girmamawa a garin da ba shi da kowa, ya zuba wani abu na kansa a ciki. Natsuwar Umar, da taushin maganarsa, da yadda ba ya ɗaga murya ko a kan wanda ya cuce shi, duk wanda ya taɓa sauraron muryar Firayim Minista a faifai zai ji kamar ya san mai wannan hali.

Amma in aka matsa mini in nuna mutum guda da yatsa, ba Dorugu zan nuna ba, ba kuma marubucin ba.

A unguwarmu, sa'ad da nake yaro, akwai wata tsohuwa tukuf da ke zama a bakin ɗakinta tana kaɗi. Mazari da alli da auduga a faifai, kullum. Tsagar fuskarta ba irin ta Barebari ba ce, ba ta Karekare ba, ba irin wadda wanzaman garinmu ke yi ba. In kaɗi ya yi mata daɗi takan yi wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da harshen da ba mai jin sa a garin, baiti ɗaya ne take ta maimaitawa. Tana da 'ya'ya da jikoki, kowa na gaishe ta da ladabi. Ranar da muka ƙare Shaihu Umar a makaranta na dawo gida kaina cike da hamada, na wuce ta ƙofarta, sai na tsaya na dubi fuskarta kamar ban taɓa ganinta ba. Da dare na tambayi kakata.

"Kaka, ita Iya mai kaɗi 'yar wane gari ce?"

Ta dube ni ta ɗan jima, sannan ta ce, "Kai, mai gidana, ba a tambayar wannan. An kawo ta ne tana ƙarama."

An kawo ta. Na girma kafin na gane irin aikin da wannan ɗan ƙaramin "an" ke yi mana. An kawo ta, an tafi da shi, an watsa garin. Ba a faɗi wanda ya kawo ba, ba a faɗi daga ina ba, ba a faɗi nawa aka biya ba. Mayafi ne da harshe ya saƙa don maƙwabta su iya zama tare bayan abin da ya wuce tsakanin kakanninsu. Akwai rahama a ciki, ban musa ba, don da shi jikokin tsohuwar nan suka yi aure suka hayayyafa ba wanda ya goranta musu a fili. Amma a ƙarƙashin mayafin akwai wata uwa, a wani gari, wadda ta fita neman 'yarta wata safiya ba ta gan ta ba. Tsagar da ke fuskar Iya ita ce wasiƙar da danginta suka rubuta don in ta ɓata a gane ta. Ta yi shekara tamanin tana ɗauke da wasiƙar, ba ta haɗu da mai iya karantawa ba.

Shi ya sa yanzu in na karanta littafin, Umar ba ya riƙe ni kamar yadda uwarsa ke riƙe ni. Umar mai sa'a ne, irin sa'ar da ba a cika samu ba: ya faɗa hannun mai tausayi, ya sami allo maimakon mari, ya komo da rawani. A cikin dubban da suka bi waccan hanya, masu komowa ƙalilan ne. Shi fata ne, abin da kowace uwa ke roƙa wa ɗanta da ya ɓata. Uwar kuwa ba fata ba ce. Matar da ta bar ɗakinta ta bi sawun ɗanta gari-gari, tana tambayar fatake, har mai cewa zai taimake ta ya sayar da ita, wannan ba sai an ƙaga ta ba. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta faɗi yadda mahara suka kwashi matan gidansu, da yadda dangi suka yi ta bin sawu suna tara kuɗin fansa. Abin da Baba ta faɗa da baki, shi Abubakar ya riga ya sa a takarda shekara ashirin kafin nan.

Akwai masu ganin littafin ya yi wa bauta sassauci, kuma ina ganin suna da hujja. Mugaye a cikinsa mutane ne ɗaiɗai, maƙaryatan fadawa da mayaudara, amma kasuwar kanta ba a tsaya an la'ance ta ba. Abdulkarim mai fataucin bayi ne, duk da haka an nuna shi mutumin kirki. Shaihu yana ba da labarin abin da aka yi masa da haƙuri da miƙa lamari ga Allah, kamar mai ba da labarin fari ko ambaliya. Na daɗe ina jin zafin wannan. Daga baya na tuna lokacin da aka rubuta shi. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Wato ranar da littafin ya fito akwai bayi a gidajen manya, kuma a aji ɗaya za a karanta shi ga jikan mai gandu da jikan wanda ya nome gandun. Saurayin malami bai yi ihu ba. Ya bar shaihinsa ya yi magana a hankali, sannan ya ɗauki duk kukan ya ba uwar. Wanda ya karanta yadda ta ƙare a Murzuƙ bai buƙaci a yi masa wa'azi kan mene ne bauta ba.

Labarin ya yi tafiya bayan mai shi. Mervyn Hiskett ya juya shi zuwa Turanci a 1967, shekara guda bayan an kashe marubucin a juyin mulkin Janairu 1966. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Fim ɗin ma ya ɓata shekaru da dama, sai daga baya aka tsinci faifansa a wani ɗakin ajiya a Legas, aka gyara, aka nuna shi a Balin ta Jamus a 2018.

Iya mai kaɗi ta rasu ina aji biyu na sakandare. Waƙar nan tata ba wanda ya riƙe ta, har jikokinta. Da a ce wani ya zauna kusa da ita ya rubuta ko kalma biyar daga ciki, da yau masana harsuna sun gaya mana daga wane dutse ko wane kogi aka ɗauko ta.

Waɗanda aka kawo suna ƙanana duk sun tafi. Amma waɗanda suka zauna a gabansu, suka ji daga bakinsu, akwai sauransu a Hardawa da Misau da Azare da Shira da Gamawa, kuma kowace damina suna raguwa. Mai tsoho a gida ya zauna da shi, ya tambaye shi a hankali, ba don a tona asirin kowa ko a ɓata wani aure ba, ya ɗauki muryarsa a waya ya adana. Ku kuma malaman Hausa da ke karanta wa yara littafin nan, in wani ya ɗaga hannu daga bencin baya ya ce, "Malam, da gaske an yi shi?" don Allah kada ku ce masa ya zauna. Ku ba shi labarin Dorugu, ku nuna masa Rauta da Murzuƙ a taswira, sannan ku tura shi gida ya tambayi kakarsa.